Intanet a motar zango: yadda matafiya ke samun rezo mai ƙarfi a nesa da gari

Motar zango mota ce da aka gina wa ɗaki a jikinta, da gado da wurin girki da makewayi da tankin ruwa, domin mai ita ya yi tafiyar kwanaki ko watanni ba tare da ya nemi masauki ba. Faransawa suna ce mata camping-car, Amurkawa kuma RV. Akwai mai tafiya da injinta, akwai wadda wata mota ke ja a baya. A Amurka, ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan motoci ta RV Industry Association ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 gidaje miliyan 11.2 ne suka mallaki ɗaya, kuma a wannan shekarar kaɗai masana'antu sun fitar da sababbi fiye da 600,000, mafi yawansu daga yankin Elkhart na jihar Indiana. A Turai, Faransa ce ta fi kowace ƙasa yawan filayen zango, inda take da fiye da 7,000.

Da can, mai shiga wannan mota hutu yake nema, kuma rashin waya ma yana cikin hutun. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa kamfanoni da yawa suka bar ma'aikata su yi aiki daga nesa, lamarin ya sauya. Yanzu akwai masu neman abincinsu daga cikin motar, da ɗalibai masu karatu ta intanet, da tsofaffi masu ganin likita ta bidiyo. Ko wanda ba shi da aikin ofis yana buƙatar taswira, da hasashen yanayi, da banki, da hanyar kiran agaji in mota ta lalace a daji. Matsalar ita ce wuraren da suka fi daɗin yada zango, irin su bakin tafki da gindin dutse da cikin kurmi, su ne wuraren da kamfanonin waya suka fi ƙarancin kafa na'urorinsu.

Hanyoyin samun intanet a motar zango uku ne: wifin filin zango, layin wayar salula, da tauraron ɗan Adam. Kowace tana da inda take aiki da inda take gazawa. Abin da ke raba wanda ya dace da wanda ya yi asarar kuɗinsa shi ne sanin abin da ya hana intanet ɗin tafiya kafin a sayi na'ura.

Abubuwa biyar da ke raunana rezo

Na farko shi ne nisa. Wayar salula tana magana da dogon ƙarfen sadarwa ta igiyoyin rediyo, kuma ƙarfin igiyar yana raguwa da sauri. Ko a fili fetal, in nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Igiyoyi masu ƙaramar lamba, kamar megahaz 600, 700 da 800, suna zuwa nesa kuma sun fi ratsa itatuwa, sai dai kayan da suke iya ɗauka kaɗan ne. Masu babbar lamba, kamar megahaz 2,600 da 3,500 da ake amfani da su wajen 4G da 5G a birane, suna da sauri amma ba sa nisa. Shi ya sa a karkara waya kan nuna 4G amma shafi ya daɗe bai buɗe ba.

Na biyu shi ne shinge. Tudu ko dutse tsakanin mota da ƙarfen sadarwa yana iya datse sigina gaba ɗaya, kuma ganyen itace, musamman in ya jiƙe, yana shanye wani kaso. Filayen zango da yawa a cikin kwari suke, kusa da ruwa.

Na uku shi ne jikin motar kanta. Ƙarfe da alminiyam suna tare igiyoyin rediyo. Motocin Airstream na Amurka, waɗanda aka san su da jiki mai ƙyalli na alminiyam, misali ne na ɗakin da sigina ke wahalar shiga sai ta taga.

Na huɗu shi ne cunkoso. Duk wayoyin da ke yanki ɗaya suna rabon ƙarfen sadarwa ɗaya ne. Garin Quartzsite da ke hamadar jihar Arizona mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma a watannin Janairu da Fabrairu dubban motocin zango masu gudun sanyin arewa ke sauka a kewayensa. A lokacin waya kan nuna rezo a cike, amma hoto ɗaya ya gagara aikawa.

Na biyar shi ne ƙa'idar ƙunshin data, wato forfe. Kamfanoni da yawa suna rage saurin layi bayan an cinye wani adadi a wata, ko su sa iyaka ta dabam ga datar da aka raba daga waya zuwa kwamfuta, ko da an tallata ƙunshin a matsayin marar iyaka.

A gano cutar kafin a sayi magani

Sandunan da ke saman fuskar waya ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, domin kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake lissafa su. Ma'aunin gaskiya lamba ce da ake kira RSRP, wadda ake rubutawa da alamar ragi a gabanta. In ta nuna -80, sigina tana da kyau sosai. In ta kai -100, rauni ya fara. Daga -110 zuwa -120 layi yana gab da yankewa. A wayoyin Android ana ganinta a cikin saituna, a sashen bayanin waya da matsayin katin sim. A iPhone ana danna *3001#12345#* sannan a kira. Bambancin lamba 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu ko ya ragu da rabi, don haka matsawa daga -108 zuwa -99 babbar riba ce.

Bayan haka sai a gwada sauri da manhajoji irin su Speedtest ko nPerf, sau ɗaya da asuba, sau ɗaya da misalin ƙarfe 8 na dare, a cikin mota da kuma waje. Sakamakon yakan nuna inda matsalar take:

In lambar ba ta da kyau kuma sauri kaɗan ne dare da rana, nisa ne ko shinge. Maganinsa sauya wuri ko ɗaga eriya.

In waje da kyau amma ciki babu, jikin mota ne. Maganinsa eriya a kan rufi.

In lambar tana da kyau, da asuba intanet yana gudu amma da dare ya tsaya, cunkoso ne. Maganinsa layin wani kamfani.

In sauri ya tsaya cak a ƙaramar lamba ɗaya ko da yaushe, kamfani ne ya rage shi. Maganinsa sauya forfe.

In babu rezon kowane kamfani ko an hau tudu, sai tauraron ɗan Adam.

Nawa ake buƙata

Mai karanta saƙonni da duba taswira ba ya buƙatar abin da mai taron bidiyo ke buƙata. Kiran murya ta WhatsApp bai kai megabait 1 a minti ba. Kiran bidiyo tsakanin mutum biyu ta Zoom da hoto mai kyau yana neman kusan megabit 1.2 a sakan a kowane ɓangare, wato sama da rabin gigabait a awa wajen saukewa, da wani kamarsa wajen aikawa. Kamfanin Netflix ya ce kallon fim da hoto mai tsabta yana iya cin gigabait 3 a awa, mafi tsabtar hoto kuma har gigabait 7. Iyalin da ke kallon fim awa biyu kullum da dare suna iya cinye gigabait 180 a wata, ba a ma sa aikin rana a lissafi ba.

Ga mai aikin ofis, saurin aikawa da rashin yankewa sun fi saurin saukewa muhimmanci. Layi mai megabit 5 da ba ya tsinkewa ya fi mai megabit 50 da ke ɗaukewa kowane minti biyar.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Rabin aikin ana yin sa ne kafin a tashi. A Faransa hukumar Arcep tana da taswirar Mon réseau mobile, wadda ke nuna inda rezon Orange, SFR, Bouygues Telecom da Free ya kai. Tun daga yarjejeniyar da gwamnati da hukumar da waɗannan kamfanoni huɗu suka ƙulla a watan Janairun 2018, an kafa ƙarafan sadarwa da yawa a ƙauyukan da a da ba su da komai. A Amurka hukumar FCC ta fitar da sabuwar taswirar ƙasa a ƙarshen 2022, mai nuna iyakar Verizon, AT&T da T-Mobile. Irin waɗannan taswirori lissafin kwamfuta ne daga bayanan kamfanoni, don haka matafiya kan haɗa su da manhajojin da ke tattara gwajin da mutane suka yi da wayoyinsu, kamar Opensignal da CellMapper.

In an isa, sai a zagaya filin da waya a hannu kafin a kafa mota. Tazarar mita 50, ko hawa ɗan tudu, tana iya sauya lambar sosai. A ajiye waya ko modem a tagar da ke fuskantar gari ko babbar hanya, a sama, nesa da firiji da sauran kayan ƙarfe. A sauke taswirar yankin da fina-finai da takardun aiki tun a gari, inda intanet ke da arha. A hana waya da kwamfuta sabunta manhajoji da kansu, a rage tsabtar hoton bidiyo, a bar aika manyan fayiloli sai da asuba lokacin da jama'a ke barci. Wani lokaci ma tilasta wa waya ta tsaya a 4G ya fi barinta tana kai da komo tsakaninsa da 5G mai rauni.

Wifin filin zango

Filayen zango da yawa suna ba da wifi, kyauta ko da ɗan kuɗi. Shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi ƙarancin tabbas. Sau da yawa layi ɗaya ne ya shigo ofishin filin, motoci 100 ko 200 suke rabonsa. Wifi yana tafiya a kan gigahaz 2.4 da gigahaz 5: na farko ya fi nisa amma ya fi cunkoso, na biyu ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai. Wanda ya samu wuri kusa da sandar wifi, ba tare da wata mota ta shiga tsakani ba, shi ne mai rabo.

Akwai na'urar da ake ɗaurawa a rufi, ta kamo wifin filin daga nesa ta sake yaɗa shi a cikin mota. Tana magance nisa da jikin mota. Amma in layin da ya shigo filin ne ya yi kaɗan, ba abin da za ta ƙara, kamar wanda ya sa babban tiyo a rijiyar da ta ƙafe.

Sai kuma batun tsaro. Ɓarayi suna iya buɗe wifi mai suna irin na filin domin su kama bayanan mutane. Ya kamata a tambayi ofis ainihin sunan wifin, a kashe tsarin haɗuwa kai tsaye da kowane wifi, a tabbata adireshin shafi ya fara da https, sannan harkar banki a yi ta da layin waya ko ta manhajar VPN mai ɓoye bayanai.

Layin waya: daga wayar hannu zuwa rauta

Ga mafi yawan matafiya, layin salula shi ne ginshiƙi. Mataki na farko shi ne raba intanet daga wayar hannu zuwa kwamfuta. Ba ya buƙatar sayen komai, amma waya tana zafi, batirinta yana ƙarewa da wuri, kuma in mai ita ya fita da ita, sauran mutanen mota sun rasa intanet. Haɗa ta da kwamfuta ta kebul ya fi ta wifi, domin tana caji a lokaci guda.

Mataki na biyu shi ne ƙaramin modem na aljihu mai katin sim nasa. Wanda zai saya ya duba ko yana da ramukan haɗa eriyar waje, domin ba duka ke da su ba.

Mataki na uku shi ne rauta, wato na'urar rarraba intanet da ake kafawa a mota dindindin, tana shan wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12. Kamfanoni irin su Peplink da Teltonika suna ƙera masu ɗaukar katin sim biyu, waɗanda ke komawa layi na biyu da kansu in na farko ya faɗi. Wannan ne babban amfaninsu. Babu kamfanin wayar da ya mamaye ko'ina, kuma inda ɗaya ya cunkushe sau da yawa ɗayan yana da sarari. Idan hagu ta ƙiya, a koma dama. Wanda ba shi da kuɗin rauta zai samu rabin wannan riba da waya mai sim biyu na kamfanoni dabam dabam.

Kafin a sayi kowace na'ura, a tabbata tana kama igiyoyin ƙasar da za a je. Modem da aka ƙera don kasuwar Turai yana iya rasa igiyar megahaz 600 da T-Mobile ke amfani da ita a karkarar Amurka, wanda aka ƙera don Amurka kuma ya rasa ta megahaz 800 ta karkarar Turai. Haka nan manyan kamfanonin Amurka uku sun rufe 3G a shekarar 2022, don haka tsohuwar na'ura mai 3G kaɗai ba ta da amfani a can.

Eriya

Eriyar waje tana yin abu biyu: tana fitar da sigina daga cikin akwatin ƙarfe, tana kuma ɗaga ta sama da shinge. Iri biyu ce. Akwai mai kamawa ta kowace fuska, wadda ake mannawa a rufi a manta da ita, tana aiki ko mota na tafiya. Akwai kuma mai fuskantar wuri ɗaya, wadda ake ɗorawa a kan sanda mai tsawon mita 3 zuwa 6 a juya ta wajen ƙarfen sadarwa. Ta biyun ta fi jawo sigina daga nesa, amma sai an saita ta a kowane zango, a sauke ta kafin a tashi ko in hadari ya taso.

4G da 5G suna samun saurinsu ne ta hanyar aika bayanai ta eriya biyu ko huɗu a lokaci ɗaya, tsarin da ake kira MIMO. Saboda haka eriya mai kebul biyu ko huɗu, gwargwadon ramukan rautar, ta fi mai kebul ɗaya nesa ba kusa ba. Tsawon kebul ma abin lura ne. Siririn kebul mai arha yana iya cinye rabin ƙarfin sigina a tsawon mita 3 zuwa 5, ya zama abin da eriya ta samo ya zube a hanya. A sa rauta kusa da inda kebul ya shigo daga rufi, a yi amfani da kebul mai kauri, a toshe ramin da kyau don kada ruwan sama ya bi shi.

Na'urar ƙara ƙarfin sigina da abin da doka ta ce

Wannan na'ura tana kamo sigina da eriyar waje, ta ƙara mata ƙarfi, ta sake ta ta wata ƙaramar eriya a cikin mota. Tana taimakawa a bakin iyakar rezo, musamman wajen kiran waya da aika saƙo. Amma ba ta ƙirƙirar sigina inda babu, ba ta rage cunkoso, kuma da yake ta hanya ɗaya take bi, tana iya rage saurin saukewa a inda rezo ke da ɗan dama. Dole waya ta zauna dab da eriyar ciki, kuma in eriyoyin biyu sun kusanci juna, na'urar takan rage ƙarfinta ko ta kashe kanta.

Dokarta ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka hukumar FCC ta kafa ƙa'idoji a 2013: an yarda da na'urorin da hukumar ta amince da su, kamar na kamfanin weBoost, bisa sharaɗin a yi musu rajista da kamfanin waya. A Faransa kuwa, kafa irin wannan na'ura ba tare da izinin kamfanonin waya ba laifi ne, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin wata 6 da tarar yuro 30,000, kuma hukumar ANFR tana bin diddigin masu dagula igiyoyi. Eriyar da aka haɗa kai tsaye da rauta ba ta cikin wannan hani, domin ba ta sake yaɗa siginar kamfani.

Tauraron ɗan Adam

Tsofaffin taurarin intanet suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Saƙo kan ɗauki fiye da rabin sakan kafin ya je ya dawo, abin da ke sa taron bidiyo ya yi wuya. Kamfanin SpaceX na Elon Musk ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60 a watan Mayun 2019, waɗanda suka riƙa shawagi a nisan kusan kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu zuwa kashi 25 zuwa 60 cikin dubu na sakan. A watan Mayun 2022 kamfanin ya fitar da tsari na musamman ga motocin zango, wanda a 2023 aka sauya wa suna zuwa Roam. A 2024 aka fitar da Starlink Mini, faranti mai girman kwamfutar cinya, nauyinsa kilo 1 da ɗoriya, da wifi a jikinsa.

Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: sai ya ga sararin sama a buɗe. Reshen itace guda yana iya yanke layi na ƴan sakanni a kai a kai, abin da mai kallon fim ba zai lura ba amma mai taron bidiyo zai sha wahala. Nan ne buƙatu ke karo, domin mai zango inuwa yake so, faranti kuwa fili yake so. Mafita ita ce a kafa mota a inuwa, a ja farantin zuwa fili da kebul ɗinsa mai mita 15. Manhajar kamfanin tana amfani da kyamarar waya ta nuna ko akwai abin da zai tare. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana rage sauri ko ya yanke layi na ɗan lokaci. Sannan akwai kuɗin na'ura da kuɗin wata, waɗanda suka fi na layin waya.

Don kiran agaji kaɗai ba dole sai faranti ba. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, wayoyin Apple suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraro a ƙasashen da aka buɗe tsarin, ciki har da Amurka da Faransa.

Wutar lantarki

A filin da ke da wutar gari babu damuwa. Amma masu sauka a daji, kamar a filayen gwamnatin tarayyar Amurka inda aka saba barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14, da batir suke rayuwa. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka wat da awa. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200. In tsohon samfuri ne mai dalma, rabin wannan kawai ya kamata a sha don kada ya lalace. In na lityam ne, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

Rauta tana cin wat 5 zuwa 15. Starlink Mini yana cin wat 25 zuwa 40, wato kusan wat-awa 250 a aikin awa 8. Babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, wato wat-awa 600 zuwa 800, wanda ya isa ya ƙarar da batirin dalma a yini ɗaya ba a kunna firiji ba. Farantin sola mai wat 200 yakan ba da kusan wat-awa 700 zuwa 800 a rana mai haske. Inbata, mai mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, tana zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, saboda haka na'urar da ke shan bolt 12 kai tsaye ta fi tattali. Kashe komai da dare ma tanadi ne babba.

Ƙetare iyaka

Tun ranar 15 ga Yunin 2017, mai layin wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana amfani da shi a sauran ƙasashen ba tare da ƙarin kuɗin romin ba, kuma an tsawaita dokar zuwa 2032. Amma an yi ta ne don tafiya ta ɗan lokaci: kamfani yana da damar sa iyaka ga datar da za a ci a waje, ya kuma sa kuɗi ga wanda ya fi zama a waje fiye da gida cikin wata huɗu. Suwizalan ba ta cikin tsarin, don haka wanda ya yada zango a Faransa kusa da Janeba wayarsa tana iya kama rezon ƙetare ba da saninsa ba. Maganin shi ne a zaɓi kamfani da hannu a cikin saituna. Don dogon zama, katin sim na ƙasar da ake ciki ya fi arha. Starlink ma yana da iyaka: yana aiki ne a ƙasashen da suka ba shi lasisi, kuma kamfanin yana taƙaita tsawon lokacin da za a yi amfani da na'ura a wajen ƙasar da aka yi mata rajista.

Inda batun ya shafi yankinmu

Motar zango ba ta yaɗu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba, amma masu kwana a mota suna da yawa. Direban babbar mota da ya ɗauko kaya daga Duwala ya bi ta Ngaundere da Garwa da Marwa zuwa Njamena, ko wanda ya taso daga Tema ya bi ta Kumasi da Tamale zuwa Wagadugu, yakan yi kwanaki a hanya, wani lokaci makonni a bakin iyaka, kuma da waya yake magana da mai kaya da iyalinsa, da ita yake karɓar kuɗi. Ƙa'idojin ɗaya ne. Kan mota ƙarfe ne, don haka waya a gilashin gaba ta fi waya a kan gado. Sim biyu sun fi ɗaya: MTN da Orange a Kamaru, Airtel da Moov Africa a Chadi. A Kusiri, wadda kogi ne kawai ya raba ta da Njamena, waya tana iya tsallakawa rezon maƙwabta kamar yadda take yi a kusa da Janeba.

Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin romin a 2017, kuma Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita tsakaninsu a 2023. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasar farko a Afirka, sannan Ghana a 2024, Nijar kuma a 2025. A Kamaru kuwa, a watan Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa da ake shigowa da su ba izini. Duk mai niyyar ƙetare iyaka da faranti ya fara tambayar hukumar sadarwa ta ƙasar da zai shiga.

Wane tsari ya dace da wa

Mai fita hutun ƙarshen mako, wayarsa da forfe mai isasshiyar data da taswirar da ya sauke tun a gida sun ishe shi. Iyalin da za su yi wata guda suna zagaya filayen zango za su amfana da modem ko rauta mai sim na kamfani dabam da na wayoyinsu, da eriya a rufi. Wanda albashinsa ya rataya a kan intanet yana buƙatar hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba, wato rauta mai sim biyu da kuma farantin tauraro, tare da batir da sola da za su ɗauke su. A cikin kurmi, inda faranti ba ya ganin sama, layin waya ne zai cece shi. A hamada, inda babu ƙarfen sadarwa, farantin ne. Kowane tsari aka zaɓa, a gwada shi a ƙofar gida, a kan batirin motar, na yini guda cikakke, kafin a kama hanya.